Asalin Kalmar "Segregation" da Darasinta ga Makiyayan Ikilisiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kware ya ga makiyayi yana kora garke, ya riga ya ga hoton da ke cikin wannan kalma. Turawa sun aro ta ne daga harshen Latin. A can "grex" na nufin garke, "se" kuwa na nufin gefe guda. Ma'anarta ta fari ke nan: a fitar da dabba daga garke. Mu da Hausa mukan ce wariya. Daga saiwar nan kuma aka sami "congregation", wato taron masu sujada. Ɗaya tarawa ce, ɗaya warewa, amma garken ɗaya ne.

A fassarar Latin ta Littafi Mai Tsarki da ake kira Vulgata, ta wajen shekara ta 400, kalmar ta fito a Matiyu 25:32, inda Ɗan Mutum zai ware tumaki daga awaki a ranar shari'a. Ta fito kuma a Galatiyawa 2:12, inda Bitrus ya janye jiki, ya daina ci tare da Al'ummai a Antakiya saboda tsoro. Ku lura da bambancin. Ta farko aikin Ubangiji ce. Ta biyu aikin mutum ce, har Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban kowa.

Daga baya kalmar ta shiga dokokin gwamnatoci. A Amurka, Kotun Ƙoli ta halatta wariyar launin fata a 1896, ba ta rushe ta a makarantu ba sai 1954. A ƙasarmu, dokar birane ta 1917 a zamanin Lugga ta raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da fili mai faɗin yadi 440 a tsakani. Baƙi daga Kudu kuwa aka zaunar da su a Sabon Gari, bayan ganuwa, kamar yadda aka yi a Kano da Zariya. Ikilisiyoyi da dama a can suka tashi, kowace ƙabila da majami'arta.

Mulkin mallaka ya wuce, amma halin bai wuce ba. Ɗan'uwa mai hidima, sa'ad da ake zaɓen dattawa, ko Bahaushe ko Bafulatani mai bi ya shigo ya rasa mai gaishe shi, ka tuna da Antakiya. Kiwo aka ba ka. Warewa tana hannun Mai garken.