Daga kujerar likitan haƙori zuwa injin a-kori-kura: tarihin iskar dariya

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga yadda a-kori-kura ke nishi cikin yashi da lodin da ya fi ƙarfinta. Shi ya sa idan matashin direba ya ga bidiyon Turawa suna danna maɓalli mota ta cilla kamar kibiya, sai ya ce: me zai hana mu ma? Abin da ke cikin tulun nan nasu shi ne nitrous oxide, wato iskar dariya.

Joseph Priestley ne ya fara haɗa ta a Ingila a 1772. Humphry Davy ya shaƙe ta, ya ga tana sa nishaɗi tana rage zafin ciwo, ya rubuta hakan a 1800. A 1844 likitan haƙori Horace Wells na Amurka ya sa aka cire masa haƙori bayan ya shaƙe ta. Har yau ana amfani da ita a asibitoci.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kai ta cikin inji. Can sama iska ba ta da kauri, sai injin jirgi ya rasa numfashi. Jamusawa suka ƙirƙiro tsarin GM-1, suna fesa ta a injin jiragen yaƙi irin su Messerschmitt Bf 109. Sirrin? Kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, alhali na iskar da muke shaƙa kusan 23 ne. Da ta ji zafin inji sai ta tarwatse ta saki oksijin ɗin, a samu damar ƙona ƙarin mai. A shekarun 1970 'yan tseren motoci a Amurka suka rungume ta.

Amma fa ita kaɗai ba ta ƙara ƙarfi. Dole a ƙara mai daidai gwargwado, a kuma ɗan jinkirta tartsatsin fulogi. Idan mai ya gaza, zafi zai yi yawa har fistan ya narke. A zamanin Fijo 404 da 504, waɗanda masana'antar Kaduna ta riƙa haɗawa bayan buɗe ta a 1975, da kunne da sukundireba bakanike ke saita kafireta. Hilux ta yanzu kuwa kwamfuta ce ke auna iska da mai, fasahar da ta samo tushe daga na'urar fesa mai ta lantarki da Bosch ya fitar a 1967. Don haka wanda ya ɗaura tulu bai sake saitin ƙwaƙwalwar motar ba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Ga kuma matsalar da ta shafe mu kai tsaye. A ruwa-ruwa ake ajiye iskar cikin tulu, kuma da zafinta ya wuce digiri 36.4 ba ta iya zama ruwa, matsin cikin tulun ya yi ta hauhawa. A bazara, daga Gumel zuwa Sule Tankarkar, zafi kan haura digiri 40, balle a bayan mota cikin rana.

An yi dabarar ne don tseren mita 402 da ke ƙarewa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Motar da za ta wuni tana jan buhuna a yashi juriya take buƙata. Matatar iska mai tsabta, lagireto mai lafiya da lodi daidai kima sun fi tulun nan amfani, ba kuma za su kai mai mota ga sayen sabon inji ba.