Darbejiya: Sinadaran da Ke Cikinta, Aikinsu a Gona da Rumbu, da Inda Haɗarinsu Yake

Darbejiya, wadda wasu ke ce wa dogon yaro ko maina, a wasu sassan Nijar kuma bedi, ita ce itaciyar da masana ke kira Azadirachta indica. Mun saba da ita har mutum zai ɗauka tun kaka da kakanni tana nan, alhali baƙuwa ce. Asalinta yankin Indiya da Bama. A zamanin Turawan mulkin mallaka, cikin shekarun 1920, aka shigo da ita Gana, daga baya aka kai ta ƙasar Borno, ta bazu saboda tana jure fari kuma tana ba da inuwa ko da tsakiyar rani. A kwarin Majiya da ke yankin Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara dasa ta layi-layi don ta tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. A cikin itatuwanmu na gida, maɗaci ne ɗan'uwanta na kusa. Dangi ɗaya suke, kuma ɗacin da ke cikinsu daga sinadarai iri ɗaya yake fitowa, waɗanda ake kira limonoyid.

Ƙorafin da na fi ji a taron ƙungiyoyin manoma shi ne: "Malam, mun fesa darbejiyar nan, ba ta yi komai ba." In na bi diddigi, galibi abin da aka yi shi ne an tsinko ganye, an dafa shi har ya yi ligif, an fesa da rana tsaka, washegari kuma aka zo neman gawar ƙwari a ƙasa. Kurakurai huɗu ke nan a aiki guda, kuma duk wanda ya san sinadaran da ke cikin itaciyar ba zai yi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ke cikinta

An gano sinadarai fiye da 100 a sassan darbejiya, amma wanda ya fi shafar manomi shi ne azadiraktin. A 1959 wani masanin ƙwari ɗan Jamus, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da farin ɗango suka sauka. Sun cinye kusan duk wani ɗanyen ganye, suka bar darbejiya. Wannan ya ja hankalin masu bincike, har a 1968 wasu masana biyu a Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin da ke hana farar ci daga cikin ƙwayar, aka sa masa wannan suna. Gininsa yana da sarƙaƙiya ƙwarai: sai a 2007 masana a jami'ar Kambirij suka iya haɗa shi a ɗakin gwaji, bayan shekara 22 suna fama. Hanyar ba ta biya a kasuwanci, saboda haka har yau azadiraktin da ke cikin magungunan feshi na kwalba daga ƙwayar darbejiya ake tatso shi, irin wadda ke zube a ƙofar gidajenmu tana ruɓewa.

A ƙwayar da ke cikin ƙwallon ne ya fi taruwa. Kilo guda na busasshiyar ƙwaya kan ƙunshi kamar giram 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, gwargwadon itaciyar da ƙasar da yadda aka busar. A ganye kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta. Ganye yana da ɗaci, gaskiya ne, amma ɗaci a baki ba shi ne ma'aunin ƙarfin magani ba. Wannan shi ne kuskure na farko.

Akwai kuma salanin, mai korar ƙwari da hana su ci, da nimbin, wanda wani masani mai suna Salimuzzaman Siddiqui ya fara warewa daga man darbejiya tun 1942, da gedunin, wanda za mu dawo kansa a batun zazzaɓi. Ƙwayar tana da mai da yawa, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta ko fiye, kuma warin nan mai kama da na tafarnuwa daga sinadarai masu farar wuta da ke cikin man yake zuwa.

Yadda yake yi wa ƙwaro

Maganin feshi na kanti da muka saba da shi yakan bugi jijiyoyin ƙwaro, ya faɗi nan take. Azadiraktin ba haka yake ba. Da farko yana toshe wa ƙwaro sha'awar ci: zai sauka a kan ganyen, ya ɗanɗana, ya ƙi. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, yana ɓata girman tsutsa. Tsutsa ba ta iya girma sai ta yi saɓa, ta tuɓe tsohuwar fata sau da yawa kafin ta zama cikakken ƙwaro, kuma wani sinadari ne a jikinta ke ba da umarnin wannan saɓar. Azadiraktin yana rikita wannan umarni. Sai tsutsar ta maƙale a tsohuwar fata ta mutu, ko ta fito da nakasa. Na uku, macen da ta ci shi takan rage yin ƙwai.

To kun ga, wanda ya fesa yau ya zo gobe yana neman gawa, zai ce an yaudare shi. A ba shi kwana uku zuwa bakwai. Abin dubawa shi ne sabon ganye: ana ci gaba da cinsa, ko an daina?

Daga nan kuma za a gane wane ƙwaro yake kamawa da kyau. Ya fi tasiri a kan ƙananan tsutsotsi masu cin ganye, irin na kabeji da kuɓewa da tumatir, da ƙananan fara, da tsutsar da ke cin fure da kwanson wake in an same ta kafin ta shige ciki. Yana rage darɓa da fararen ƙudajen nan na tumatir, amma sai an maimaita. Tsutsar masara da ta bayyana a Najeriya a 2016 tana jin sa tun tana ƙarama, in an zuba ruwan daidai cikin tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa. In ta riga ta ƙasaita, an makara. Ƙwarin da suka gama girma, masu taurin baya, irin masu tsotsar kwanson wake, ba su cika jin sa ba, tunda sun gama saɓa. Tsutsar da ta riga ta shiga cikin kara ita ma ruwan ba ya kai mata. Ni dai ba na ce wa kowa ya dogara da darbejiya kaɗai a gonar wake mai faɗi lokacin da kwanso ke cika.

Wani abin sha'awa: a wani gwaji da aka yi a Kanada a 1995, darɓar da aka riƙa fesa wa zallan azadiraktin ta fara sabawa da shi bayan haihuwa 40, amma wadda aka fesa wa ruwan ƙwayar da ke ɗauke da sauran sinadaran ba ta saba ba. Haɗin gida yana da wannan fifikon.

Abin da ke kashe ƙarfinsa

Abu uku ne: zafi, hasken rana, da ruwa mai kanwa-kanwa. Tafasawa tana lalata azadiraktin, don haka ba a dafa shi, jiƙawa ake yi a ruwan sanyi. Hasken rana yana karya shi cikin 'yan kwanaki a kan ganye, shi ya sa ake fesawa da yamma bayan la'asar, lokacin da tsutsotsi da yawa ke shirin fitowa ci, zuma kuma ta fara komawa amya. Kada a haɗa shi da ruwan toka ko kanwa ko garin wanki mai yawa. Ɗan sabulu kaɗan, wanda zai sa ruwan ya manne wa ganye, ya isa.

Wannan saurin lalacewar yana da amfaninsa: ba ya daɗewa a kan kayan lambu, ba kamar wasu magungunan da ake fesa wa alayyafo yau a kai kasuwa gobe ba. Kuɗin da ake biya shi ne maimaita feshi duk mako in ƙwari sun yi yawa, da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Daga gindin itaciya zuwa injin feshi

A tara 'ya'yan da suka nuna suka yi ruwan ɗorawa. Waɗanda jemagu da tsuntsaye suka tsotse suka yar sun rage aiki. A wanke ƙwallon a cire naman jikinsa, a shanya a inuwa mai iska har ya bushe sarai. A nan ne mutane ke sakaci. Ƙwallon da aka tara da danshi yakan yi fumfuna, irin wadda ke kama gyaɗa da masara ta haifar da gubar afulatoksin, kuma ƙarfin maganin yana raguwa. A adana a kwando ko buhun da iska ke ratsawa, ba leda ba, kuma a yi amfani da shi kafin shekara ta zagayo.

Ranar aiki, a ɓare a sheƙe ɓawon, a daka ƙwayar a turmin da ba na abinci ba. Awon da aka fi amfani da shi shi ne giram 50 na garin ƙwaya a lita guda ta ruwa: giram 800 ke nan ga injin goyo mai lita 16, kilo guda ga mai lita 20. In an daka har da ɓawo, a ninka. Ƙungiya ta samu sikeli ta auna sau ɗaya, ta yi wa kwano alama, kowa ya riƙa bi. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai kyau sau biyu don kada bakin injin ya toshe, a fesa a ranar, sama da ƙarƙashin ganye. Ruwan da ya kwana biyu a ajiye ya fara mutuwa. Kada a wanke injin a tafki ko kududdufin kifi, domin ƙananan halittun ruwa da kifi suna jin sa.

A rumbu da cikin ƙasa

Man darbejiya mililita 2 zuwa 3 a kilo guda na wake, wato kamar rubu'in lita ga buhu mai kilo 100, in an cuɗa sosai har kowace ƙwaya ta samu, yana hana ƙwaron da ke huda wake yin ƙwai da ƙyanƙyashewa na tsawon watanni. Ga waken iri wannan ya dace. Ga na ci da na sayarwa, na fi ba da shawarar buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwaron da rashin iska, tunda man yana barin ɗaci da wari. Busasshen ganye da iyayenmu ke shimfiɗawa a rumbu yana ɗan taimakawa wajen kora, amma ba ya kai mai.

Tunkuzar da ta rage bayan an matse mai taki ce, kuma in an cuɗa ta da ƙasa mako biyu kafin dashe tana rage ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir ta yi ƙulli-ƙulli. Tana kuma rage saurin da ƙwayoyin halittar ƙasa ke sauya takin yuriya zuwa yanayin da ruwa ke wanke shi. Saboda wannan ne gwamnatin Indiya ta wajabta a 2015 a riƙa shafa wa yuriyar da ake yi a ƙasar man darbejiya.

Ga jikin ɗan Adam

Kowa ya san dafa ganyen darbejiya a sha ko a yi surace don zazzaɓi da shawara, da yin asuwaki da reshenta. Akwai tushe a wasu daga ciki. Gedunin yana kashe ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a kwalbar gwaji, kuma ruwan sassan itaciyar yana hana wasu ƙwayoyin cuta da fumfuna yaɗuwa a ɗakin bincike. Amma abin da ya yi aiki a kwalba daban, abin da zai warkar da yaro mai zazzaɓi daban. Ba wanda ya san adadin gedunin da ke cikin tukunyar da aka dafa yau, kuma gobe ba zai zama daidai da na yau ba.

Maganin zazzaɓin da ake bayarwa a asibiti yanzu shi ma daga tsiro ya fito. A 1972 wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka ware atemisinin daga wani tsiro dangin tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Abin da ya mayar da shi magani shi ne an ware shi, an auna, an gwada a kan mutane, an san yawan da mai nauyi kaza zai sha kwana kaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha shayin wancan tsiron ma a madadin ƙwayoyin ba. Saboda haka in zazzaɓi ya kama, musamman yaro ko mai juna biyu, a je a yi gwajin jini a karɓi magani, kada a zauna kan tukunyar darbejiya har ciwo ya ci ƙarfi.

Babban haɗarin yana cikin man. Tun 1981 likitoci a Malesiya suka ba da rahoton jarirai da ƙananan yara da aka ɗura wa man darbejiya a matsayin magani, cikin awoyi kaɗan suka kama amai, da barci mai nauyi, da jijjiga, wasu suka rasu. An ga irin haka a Indiya. Kada a ba yaro man darbejiya ya sha, ko cokali guda. Mai ciki da mai neman haihuwa su ma su nisance shi, domin a gwajin dabbobi an ga yana hana ɗaukar ciki yana kuma zubar da shi.

Ƙungiyar da ke matse mai don rabawa mambobi ta zuba shi a kwalbar da ba ta yi kama da ta man gyaɗa ba, ta rubuta a jiki da Hausa da ajami cewa ba na ci ba ne, a ajiye shi tare da kayan feshi, nesa da madafa.