Ladi Kwali da Dabbobin Jikin Tulunanta

A wannan ɗan rubutu ina so in waiwayi tarihin matar da hotonta ke bayan takardar naira 20, wadda da yawanmu muke kashewa ba tare da mun san ko wace ce ba.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali na ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu ake ɗora yumɓu a kan yumɓu har tulu ya tashi, sa'an nan a gasa shi a fili da itace da ciyawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zanen da take tsagawa a jikin tulu tun yumɓu na ɗanye: kunama, ƙadangare, hawainiya, kada, maciji, kifi da tsuntsu. A ganina waɗannan maƙwabtan manomi ne, waɗanda yake karo da su a gona da bakin rafi. Wani abinci ne, wani abin tsoro, amma duk ta ba su mazauni a jikin abin da mutum ke shan ruwa.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tulunanta, kuma a fadarsa ne wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko. Nan aka riƙa shafa wa tulunanta ruwan ƙyalli ana gasa su da wuta mai tsanani. Suka yi kyau, suka kai Landan, amma suka yi nauyin da ba a zuwa rafi da su. Ashe ɗaukakar tulu ita ta raba shi da ruwa!

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

Yanzu da jarka da bokitin roba suka kori tulu daga gidaje da yawa, ina kira ga ɗalibai su je wurin tsofaffin magina su rubuta ma'anar waɗannan zane tun masu saninsu na raye.