Randar da Ta Daina Sanyaya Ruwa

Tun kafin ofisoshi su fara muhawara a kan wace manhajar kwamfuta za su ɗauka, ta masana ko wadda ta cika kasuwa, Suleja, garin da ke bakin kogin Iku, ya riga ya ga irin wannan zaɓi a sana'ar tukwane. A farkon shekarun 1950, lokacin sunan Suleja yana Abuja, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, a ƙarƙashin wani Bature, Michael Cardew. Manufarta samar wa gidajen ƙasar nan kayan amfani masu ƙarko. Ma'aunin da aka zaɓa shi ne na Ingila: a juya yumɓu a kan na'ura, a shafa masa ruwan ƙyalli, a gasa shi a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200.

A ganina an zaɓi ma'aunin ne tun ba a tambayi mai amfani da kayan ba. Randar matan Gwari, wadda ake ginawa da hannu a gasa a fili da itace da ciyawa, tana tsattsafo, kuma wannan tsattsafon ne ke sanyaya ruwa. Da maginiyar tukwane Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ta ci gaba da gina randunanta da zanen kadangare da kifi, amma sabon gashin ya toshe kafofinsu, ya ƙara musu nauyi da tsada. Sai suka koma kayan ado, masu sayensu Turawa da manyan ma'aikata. Uwargida kuwa ta ci gaba da sayen tulunta a kasuwa, daga baya kwanon samira da roba suka shigo.

Wani zai ce ai da an bi kasuwa, da ba a baje aikin Ladi a Landan a 1958 ba, da hotonta bai hau takardar naira 20 ba. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abin alfahari ba ne. Sai dai gwanintarta ta girmi tanderun. A fadar Sarkin garin, Sulaimanu Barau, Cardew ya fara ganin tukwanenta. Cibiyar ta samo mata masu kallo daga nesa, amma gidajen da aka kafa ta dominsu ba su taɓa zama masu cinikinta ba. Cardew ya bar aikin a 1965, daga baya kuma cibiyar, wadda ta dogara da aljihun gwamnati, ta yi ta fama da rashin kulawa.