Mdou Moctar: ɗan jihar Tawa da ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato

Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, makaɗin jita ne kuma mawaƙi Ba'abzine ɗan ƙasar Nijar. Yana waƙa da harshen Tamajak, yana haɗa kiɗan jitar Sahara da kiɗan rok na Turawa mai ƙarar lantarki. Yau yana cikin 'yan Nijar da aka fi jin muryarsu a Turai da Amurka. Sai dai hanyar da ta kai shi can ta fara ne daga wani ɗakin ɗaukar waƙa a Sakkwato, sannan ta bi ta cikin wayoyin salula na talakawa.

Asalinsa da jitarsa ta farko

An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Azawak, arewacin jihar Tawa, inda garuruwan Cintabaraden da Abalak suke. Ya tashi a gidan masu riƙo da addini waɗanda ba su ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar ɗan kirki ba. Ba wanda zai saya masa jita, don haka ya ƙera tasa da katako, ya yi mata tsarkiya da wayar birkin keke. Bahago ne, kuma da hannun hagu yake kaɗawa har yau.

Wanda ya fi jan hankalinsa tun yana yaro shi ne Abdallah ag Oumbadougou, jigon makaɗan jitar Abzinawa a Nijar, wanda ya rasu a 2020. Waƙoƙin Abdallah sun yaɗu a kaset a lokacin tawayen 1990 zuwa 1995, lokacin da jita ta zama muryar matasan arewa. Wannan salo, da ake kira assouf, wato kewa ko begen gida, shi ne ƙungiyar Tinariwen ta Mali da Bombino na Agadas suka fitar waje. Kamar dubban matasan yankin, Mdou ya tafi ci-rani Libiya, ya yi 'yan shekaru yana aikin ƙarfi, kafin ya dawo ya rungumi kiɗa a wuraren biki.

Sakkwato, 2008

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Tawa ta Badagishiri ta sauka Ƙonni ya san cewa Sakkwato na nan kusa, ƙasa da kilomita 100 bayan an tsallake iyaka ta Illela ta Najeriya. A can ne Mdou ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko, Anar, a 2008.

A wancan lokaci waƙoƙin finafinan Hausa ne ke tashe, kuma ɗakunan ɗaukar waƙa na arewacin Najeriya sun ƙware a kansu: ganga ta na'ura, kiɗan fiyano, da manhajar kwamfuta mai lanƙwasa murya ta yi zaƙi kamar ta sarewa. Da irin waɗannan kayan aiki aka ɗauki waƙoƙinsa. Abin da ya fito sabo ne ga kunnen kowa, domin kalmomi da karin na Abzinawa ne, amma sautin na Kano da Sakkwato ne, irin wanda ake ji a shagunan cajin waya da tashoshin mota daga Ƙonni har Malbaza da Illela.

Ba a sayar da Anar a kasuwa ba. Waƙoƙin sun riƙa tafiya daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, direbobi da fatake da 'yan ci-rani suna ɗauke da su har Mali da Aljeriya. Sau da yawa ko sunan mai waƙar ba ya tare da ita, balle a yi maganar kuɗi. Mawaƙi ya yi suna, amma abincinsa yana wurin bukukuwan aure da na suna.

Yadda waƙar ta tsallaka teku

Wani Ba'amurke mai tattara kaɗe-kaɗe, Christopher Kirkley, ya ci karo da waƙoƙin a wayoyin mutane a arewacin Mali. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, da ke birnin Portland, ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones, wanda ya ƙunshi waƙar Mdou mai suna Tahoultine. Kirkley ya nemo shi, ya zo Nijar, suka fara aiki tare.

A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka kai tsaye a Cintabaraden, ba gyaran murya. A 2014 aka buga Anar a faifai, shekara shida bayan ɗaukarsa. A 2015 kuma ya fito a matsayin jarumin fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka shirya a Agadas, wanda ya ɗauko tsarinsa daga fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984. Labarin wani matashi ne mai babur da jita, mahaifinsa na adawa da kiɗa, abokan gasa na neman sace masa waƙa. Kusan rayuwarsa ce aka mayar fim. Sousoume Tamachek na 2017 kundi ne mai sanyi, inda shi kaɗai ya kaɗa kayan kiɗan ya kuma yi muryoyin.

Ƙungiyar mutum huɗu

Sunan Mdou Moctar yanzu yana nufin ƙungiya ma. Ahmoudou Madassane yana kaɗa jita ta biyu mai riƙe kari, Souleymane Ibrahim yana kan ganguna, Mikey Coltun ɗan Amurka yana kaɗa jitar bas kuma shi ke kula da ɗaukar sauti. Kundinsu na farko a cikakken situdiyo shi ne Ilana: The Creator, da aka ɗauka a Detroit, ya fito a 2019. Daga nan suka koma kamfanin Matador na New York, wanda ya fitar da Afrique Victime a watan Mayun 2021. An ɗauki wannan kundi gutsure-gutsure a kan hanyar yawon wasa, wani a situdiyo, wani a ɗakin otal, wani a gida Nijar. Jaridu da dama na Amurka da Ingila sun saka shi cikin kundaye mafi kyau na shekarar.

Yadda yake tsara waƙa

Ginin waƙarsa ba baƙo ba ne ga mai sauraron Shata ko Ɗanƙwairo: jagora ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa, kari ɗaya yana ta juyawa. Bambancin shi ne a wurin Mdou jita ce ke ɗaukar rabin zancen. Waƙa takan fara a hankali da tafi da jita marar lantarki, ganga ta riƙa ƙara sauri kamar yadda ake yi a filin biki, har a kai inda yatsunsa ke gudu a kan jitarsa ƙirar Fender Stratocaster. Akwai tasirin kiɗan takamba a ciki. Turawa na kwatanta shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen, ko da yake salonsa ya riga ya kafu a wuraren biki kafin ya san su sosai.

Jigoginsa su ne soyayya, addini, halin da mata ke ciki, da zaluncin da ake yi wa Afirka. Yakan yi maganar yuraniyom ɗin Arlit da aka daɗe ana kwasa zuwa Faransa alhali ƙauyukan Nijar na kwana cikin duhu. A waƙar Imouhar yana kiran Abzinawa su riƙe harshensu, domin yana ganin yara na barinsa suna komawa Faransanci da wasu harsuna. Shi ya sa bai sauya harshen waƙarsa ba duk da yawancin masu sayen faifansa ba sa jin ko kalma ɗaya.

Juyin mulkin 2023 da abin da ya biyo baya

Ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka. An rufe iyakoki da sararin samaniya, 'yan Nijar uku na ƙungiyar suka maƙale a can, masoyansu suka tara kuɗin ɗawainiyarsu. A daidai lokacin mutanen Ƙonni ma suna fama da rufe iyakar Illela da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024.

Kafin juyin mulkin sun riga sun ɗauki kundin Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, wanda ya fito ranar 3 ga Mayun 2024, da waƙoƙi irin su Oh France da Modern Slaves. A zaman jiran komawa gida suka shiga wani situdiyo a unguwar Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙin da jita marar lantarki. Wannan shi ne Tears of Injustice, hawayen zalunci, da ya fito a watan Fabrairun 2025.

Duk da manyan dandamalin da yake hawa a waje, ciki har da bikin Coachella na Amurka a 2024, Mdou Moctar bai bar wasa a bukukuwan aure a Nijar ba, kuma yana saka wani ɓangare na abin da yake samu wajen gina rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙishirwa a arewacin ƙasar.