Yadda ƙayar litiyam ke tsirowa a cikin batir

A Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, da kuma cikin Dutse, ƙarancin wutar lantarki ya sa jama'a sun dogara da sola da shagunan cajin waya. Wayoyin da fitilu masu yawa batirin litiyam ke cikinsu, kuma yana da wata cuta da ido ba ya gani.

Yayin caji, ƙwayoyin litiyam suna ratsa ruwan batir su shige cikin girafayit, sinadarin da ake yin bakin fensir da shi. Idan wutar ta fi ƙarfin abin da girafayit ɗin zai iya karɓa, sai ƙwayoyin su taru a bakin ƙofa, su daskare su zama ƙarfe. Taruwar ba ta shimfiɗuwa daidai: duk inda ya ɗan yi tsini, nan sabon litiyam ke sauka, har ya yi rassa kamar ƙaya. Masana na kiran wannan tsiro dandirayit, daga kalmar Girkanci mai nufin bishiya.

Tsakanin ɓangarorin batir biyu akwai shamaki wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Da zarar ƙayar ta huda shi, ɓangarorin sun haɗu, zafi ya tashi, ruwan batir kuwa mai kamawa da wuta ne. Haɗarin tsoho ne. A 1989 aka janye baturan kamfanin Moli Energy na Kanada, masu ƙarfen litiyam zalla, bayan wata waya ta kama da wuta a Japan. Batirin da Sony ya fitar a 1991 ya kauce wa amfani da ƙarfen zalla.

Abubuwa huɗu ke haddasa taruwar: caji mai tsananin sauri, cajin da ya wuce ƙa'ida, matsanancin sanyi, da tsufan batir. Hunturun Jigawa ba ya kaiwa ga ƙanƙara, don haka barazanarmu ita ce jabun caja da tsofaffin baturan da ake sake haɗawa ba tare da na'urar da ke yanke caji ba.

Batirin da ya kumbura ko yake zafi fiye da kima, a daina cajinsa. Tantance ingancin kayan da ake shigowa da su kuwa alhakin hukumar SON ne, kuma haƙƙin mai saye ne ya tambayi yadda jabu ke isowa kasuwa.