Cocin Christ Church na Plano: Daga Falon Gida Zuwa Babbar Majami'a

A shekarar 1960 mutanen Plano ba su kai 4,000 ba. Ƙaramin gari ne na manoma a jihar Texas ta Amurka, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Dallas, kewaye da gonakin auduga da alkama. Daga nan Dallas ta fara tumbatsa. Aka shimfiɗa manyan tituna, masu gine-gine suka saye gonaki suka yanka su fuloti-fuloti, ma'aikata masu albashi suka yi ta kwararowa da iyalansu. Ƙidayar 1980 ta samu mutum fiye da 72,000 a garin, ta 2000 kuwa ta samu fiye da 222,000. Kamfanin EDS na Ross Perot ya sayi makeken fili a arewa maso yammacin garin, Frito-Lay da J.C. Penney su ma suka kawo hedikwatarsu yankin. Galibin waɗannan mutane baƙi ne, ba su da kaka a garin, ba su da kabarin wani nasu a maƙabartarsa.

Cikin wannan hali ne, a 1985, wani matashin limamin ɗarikar Episkofal mai suna David Roseberry ya tara mutum 13 a gida, suka fara abin da ya zama Christ Church. Episkofal shi ne reshen Amurka na ɗarikar Angilikan, kuma a wancan lokaci ba a san shi da yawan kafa sababbin coci-coci ba. Suna ya yi da tsofaffin gine-ginen dutse a tsakiyar birane da jama'a masu hannu da shuni, ga shi kuma yawan mabiyansa yana raguwa tun tsakiyar shekarun 1960. Yankin Dallas kuwa ƙasar 'yan Baftis ce da manyan majami'u masu ganguna da jita, inda wa'azi ne kusan komai. Mai hankali zai iya cewa ba wurin da za a kai doguwar riga da littafin addu'a ba ne.

Sujadar Episkofal tana da tsari wanda ba a sauya shi don jin daɗin mai jagora. Tushenta littafin addu'a ne da Akbishop Thomas Cranmer ya shirya a Ingila a 1549, aka yi masa gyaran da ya fi daɗewa a 1662, Amurkawa kuma suka fitar da nasu sabon bugu a 1979. A ranar Lahadi ana shigowa a jere da gicciye a gaba. Ana karatu daga Tsohon Alkawari da Zabura da wasiƙun manzanni da Bishara, bisa jadawalin da aka riga aka tsara, sai wa'azi, sai jama'a su miƙe su faɗi shaidar bangaskiya baki ɗaya, su durƙusa su furta zunubansu, sannan a yi Jibin Ubangiji. Shekara ma tana da nata tsari, daga makonnin jiran Kirsimeti zuwa azumin kwana 40 da Ista, kuma launin mayafin bagade yana sauyawa da kowane lokaci.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan tsari ba ya buƙatar gini. Sababbin ikilisiyoyin irin wannan a Amurka sukan yi hayar zauren makaranta, kuma Christ Church ma a wata makaranta ta yi shekarunta na farko. Da sassafen Lahadi wasu za su zo da mota cike da akwatuna, su jera kujerun naɗewa, su shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, su ajiye ƙoƙo da faranti da kyandirori biyu. Limami ya sa rigarsa a wani aji. Kafin azahar an kwashe komai, an share, domin ranar Litinin yara za su dawo. Amma kalmomin da aka faɗa a wannan zaure su ne dai ake faɗa a Kantabari, cibiyar ɗarikar Angilikan a Ingila, kuma a ganina wannan ne ya ja hankalin baƙin Plano. Mutumin da gidansa sabo ne, titinsa sabo, maƙwabcinsa bai fi wata shida da tarewa ba, yakan so ya riƙe wani abu da ya girme shi.

Sai dai tsohon tsari kaɗai bai cika majami'ar ba. Roseberry ya haɗa shi da dabarun da maƙwabtansa 'yan bishara suka ƙware a kai: wa'azi mai tsawo daga Littafi Mai Tsarki, ƙananan ƙungiyoyin nazari a gidaje, azuzuwan yara, da wadataccen wurin ajiye motoci, wanda a garin da ba mai zuwa ko'ina da ƙafa ba ƙaramin abu ba ne. Ikilisiyar ta yi gininta a titin Legacy Drive, a ɓangaren da garin ke faɗaɗa. Zuwa farkon shekarun 2000 mutum wajen 2,000 ke halartar sujada a kowane mako, abin da ya sa ta shiga sahun gaba a duk ɗarikar Episkofal wajen yawan masu zuwa.

Daga nan rikici ya taso. A 2003 aka zaɓi Gene Robinson, wanda ke zaune a fili da abokin zama namiji, ya zama bishop na New Hampshire, babban taron ɗarikar kuma ya amince. Masu adawa suka kira taro a watan Oktoba, wanda aka shirya yi a Christ Church, amma yawan jama'a ya sa aka mayar da shi wani otal a Dallas. Duk da haka sunan Plano ne ya bi taron. A 2006 ikilisiyar ta fice daga Episkofal. An rabu ba tare da zuwa kotu ba: ta biya dayosis ɗin Dallas, ƙarƙashin Bishop James Stanton, dala miliyan 1.2, ta ɗauki bashin da ke kan ginin, ta riƙe filinta. Bayan ɗan lokaci ta shiga ƙarƙashin wata mishan da cocin Angilikan na Ruwanda ke kula da ita.

Ba kowa ya samu wannan sauƙi ba. A jihar Bajiniya, a unguwannin da ke kewaye da Washington, ikilisiyoyin Falls Church da Truro sun kaɗa ƙuri'ar ficewa a Disamban 2006, suka shiga CANA, ƙungiyar da cocin Angilikan na Najeriya ya kafa a zamanin Akbishop Peter Akinola. A Abuja aka keɓe bishop ɗinsu, Martyn Minns, a watan Agustan shekarar. Shari'a ta ɗauki shekaru, a 2012 kotu ta bai wa Episkofal gine-ginen. Mutanen Falls Church suka bar majami'ar jan bulo da aka gina tun 1769, suka koma aron zaurukan makarantu da na wasu coci-coci, har sai da suka kammala sabon gini a 2019. Ba kullum ake kwana a gado ba. Abin lura shi ne a cikin waɗannan shekaru na shari'a da yawo ne limaminsu John Yates ya riƙa horar da matasan limamai yana tura su kafa ikilisiyoyi a garuruwan kewaye, irin su Arlington da Alexandria da Vienna.

A watan Yunin 2009 waɗanda suka fice suka haɗu a Bedford ta Texas suka kafa cocin Angilikan na Arewacin Amurka, ACNA. A majami'ar Christ Church aka naɗa Robert Duncan akbishop na farko, kuma a nan ya yi kiran a kafa sababbin ikilisiyoyi 1,000 cikin shekara biyar. Aka ɗora wa Roseberry jagorancin aikin. Da wa'adin ya cika a 2014, abin da aka samu bai kai 500 ba. Wasu sun ce gazawa ce, wasu suka ce ko hakan ya fi ƙarfin ƙaramar ƙungiyar da ke fama da shari'o'i. Duka biyun suna da gaskiyarsu, amma akwai wani dalili da ke cikin tarihin Plano kansa. Christ Church ta samu garin yana ninka kansa, fili yana da araha, dubban iyalai suna neman inda za su kai yaransu ranar Lahadi. Limamin da ya je garin da ya riga ya cika, ko da littafin da yake riƙe da shi ɗaya ne da na Roseberry, yakan shekara da shekaru da mutum 60 a zauren haya, yana wani aikin a gefe don ciyar da gidansa.

Plano ma yanzu ta cika. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum kimanin 285,000, kuma kwararar ta wuce arewa zuwa Frisco, wadda ta tashi daga ƙasa da 34,000 a 2000 zuwa sama da 200,000 a 2020. Roseberry ya sauka a 2016 bayan shekara 31, Paul Donison ɗan Kanada ya gaje shi. A 2019 ACNA ta yi babban taronta a Christ Church, inda ta ƙaddamar da nata littafin addu'a, wanda ya koma kusa da tsarin 1662. A farkon 2024 aka keɓe Donison bishop a Kigali, ya kuma karɓi muƙamin babban sakataren GAFCON, ƙungiyar Angilikan masu riƙe da tsohuwar koyarwa, daga hannun Akbishop Benjamin Kwashi na Jos.